Daga gado zuwa kujera: Yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da an ƙara masa wani ciwon ba

Kullum ana sallamar marasa lafiya daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi. Wasu da ƙafarsu suke fitowa. Wasu kuwa sai an turo su a keken guragu har bakin mota ko adaidaita sahu: dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, tsohuwar da ta karye a ƙugu, matashin da haɗarin mota ya taɓa masa laka.

A bakin motar nan aikin ma'aikatan asibiti yake ƙarewa, na iyali ya fara. An ba su takardar magani, an faɗa musu ranar dawowa. Abin da sau da yawa ba sa tunawa su tambaya shi ne yadda za su riƙa ɗaga mutumin nan daga shimfiɗa zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, safe da rana da dare, na tsawon watanni ko ma shekaru.

Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin gado da kujera ba ta fi taku biyu ba. Amma a cikinta ake faɗuwa, a cikinta ake goce kafaɗa, kuma a cikinta bayan mai jinya yake lalacewa.

A Kano, gida ne gidan jinya

A ƙasashen Turai da Amurka, tsohon da ya kasa tashi da kansa yakan koma gidan kula da tsofaffi, inda ake da ma'aikata da injinan ɗagawa. A Kano akwai gidan gajiyayyu na gwamnati a Shahuci, amma ba can Bahaushe yake kai mahaifinsa ba. Mai iyali a ɗakinsa ake jinyarsa, kuma 'ya'ya suna ganin hakan neman albarka ne.

Saboda haka ɗakunan kwana na unguwannin da ke kewaye da Asibitin Malam, irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, su ne ainihin gidajen jinyar. Ma'aikatan ciki kuwa su ne uwargida, da 'ya mace, da suruka, da saurayin da ya dawo daga makaranta ko kasuwa. Da wuya a samu wanda aka taɓa koya wa yadda ake ɗaga mutum a cikinsu.

Yawan masu buƙatar wannan hidima ba kaɗan ba ne. Kimanin mutum 3 cikin 100 na 'yan Najeriya sun kai shekara 65 ko sun haura, a ƙasar da al'ummarta ta zarce miliyan 200. Ga kuma hawan jini da ciwon suga da ke kwantar da mutane tun ba su tsufa ba.

Mutum biyu ne ke cikin haɗari

Yadda aka saba yi a gidaje shi ne a zura hannu a hammatar mara lafiya a ciccibo shi, ko a kama hannunsa a ja. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta yi tir da ɗagawa ta hammata tun shekarun 1980, saboda illar da take yi wa mai ɗagawa da wanda ake ɗagawa.

Ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, naman da ke riƙe kafaɗa ya saki. Idan aka ja wannan hannun, kan ƙashin yana iya zamewa daga mazauninsa, ya bar shi da ciwon da zai hana shi motsa jikin da masu gashin ƙashi suke so ya yi. Fatar tsoho kuma ba ta da ƙwari. Jan sa a kan zanen gado kaɗai yana iya saluɓe ta, kuma daga nan gyambon kwanciya yake samun ƙofa.

Sai faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki.

Mai jinya ma bai tsira ba. A 2007, wani masani na cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, Thomas Waters, ya wallafa lissafin da ya nuna cewa bai kamata mai jinya ya ɗauki nauyin da ya wuce kimanin kilo 16 na jikin mara lafiya da hannu ba, ko da mara lafiyar yana ba da haɗin kai. Kilo 16 bai kai jarkar ruwa mai lita 20 ba. Ƙafafun babban mutum kaɗai suna iya zarce haka.

Dalili shi ne mutum ba buhun shinkafa ba ne. Ba shi da mariƙi, yana motsi, yana iya firgita ya riƙe wuyan mai ɗaga shi, kuma a sunkuye ake ɗaukarsa. Wanda yake yin haka sau shida ko takwas a rana, ba da jimawa ba ciwon baya zai same shi. Ranar da mai jinya ya kwanta kuwa, gidan ya koma da marasa lafiya biyu.

Yadda injin ɗagawa yake

Injin da aka fi sani ya samo suna ne daga Ted Hoyer, wani mutumin garin Oshkosh a jihar Wisconsin ta Amurka, wanda haɗarin mota ya shanye masa jiki tun yana matashi. A wajajen 1950 shi da wani ɗan'uwansa suka ƙera abin da zai riƙa ɗaga shi. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan inji a asibitoci da yawa.

Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Yana da ƙafafu biyu masu tayoyi da ake buɗewa a rufe, da ginshiƙi a tsaye, da dogon hannu mai sanda a ƙarshensa wadda ke ɗauke da ƙugiyoyi. Ana shimfiɗa wani ƙyalle mai ƙarfi a ƙarƙashin mara lafiya, kamar majanyin goyo, a rataya kunnuwansa a ƙugiyoyin, sai injin ya ɗaga shi a zaune.

Iri biyu aka fi samu. Akwai na hannu, mai aiki da mai, wanda ake bugawa kamar jak ɗin mota. Akwai kuma mai batir, wanda ake danna masa maɓalli. Da yawansu suna ɗaukar kilo 150 zuwa 200, kuma kowanne an rubuta iyakarsa a jikinsa.

Akwai wani nau'in daban na wanda yake iya ɗora nauyi a ƙafarsa kuma yana fahimtar abin da aka ce masa, wanda yake miƙar da shi tsaye. Ba a saka wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa a irin wannan. Shi ya sa tambaya ta farko, wato wane iri ne ya dace, likita ko mai gashin ƙashi ne zai amsa ta, musamman bayan aikin ƙugu ko raunin laka.

Inda ake samun kuskure

Injin yana ɗauke wa mai jinya nauyi, amma yana ɗaga mara lafiya sama, kuma faɗuwa daga sama ta fi ta gefen gado muni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa faɗowa daga irin wannan inji na jawo karaya da raunin kai har da mutuwa. Galibin kurakuran sanannu ne, kuma ana iya kauce musu.

Na farko shi ne majanyin. Idan ya yi girma, mutum zai sulale ta ƙasa. Idan ya yi ƙanƙanta, zai matse shi ko ya kifo ta gaba. Kunnuwan majanyi iri biyu ne, akwai na maɗauki da ake ratayawa, akwai na maɓalli da ake ƙullawa, kuma kowanne da sandar da aka yi shi dominta. Ba a haɗa na wannan da na wancan. Zani ko bargo ko zanen gado ba sa maye gurbinsa ko kaɗan.

Kafin kowace ɗagawa a duba ɗinkin. In an ga zare ya fara warwarewa ko ƙyallen ya yi lis, ba a kai wa tela, sauyawa ake yi. Ba a wanke shi da bilic, ba a goge shi da dutsen guga, domin duka biyun suna cin ƙarfin zaren.

Na biyu shi ne yin aikin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗaya yana sarrafa injin, ɗayan yana riƙe da mara lafiya, yana kula da kansa da ƙafafunsa da robar fitsari ko ta abinci idan akwai.

Mataki bayan mataki

A fara da yi masa magana, ko da ana ganin ba ya ji sosai. “Baba, za mu ɗaga ka zuwa kujera,” ko “Hajiya, za ki ji kin ɗan yi sama, muna riƙe da ke.” Wanda aka ɗaga ba zato yakan firgita ya yi ta mutsu-mutsu. Idan ya rikice ko yana turjewa, a dakata.

A juya shi gefe ɗaya, a shimfiɗa majanyin a ninke a bayansa, a juyo shi ɗaya gefen, a warware. Tsakiyar majanyin ta dace da tsakiyar bayansa. Maɗauran ƙafa su bi ta ƙarƙashin cinyoyi ba tare da sun nannaɗe ba. Hannayensa su kasance a ciki, a kan ƙirji.

A buɗe ƙafafun injin har iyakarsu, a tura su ƙarƙashin gado. A sauko da sandar a hankali kada ta bugi fuskarsa. A rataya kunnuwan dama da hagu daidai da juna.

A danne birkin gado idan mai taya ne, da na keken guragu. Amma tayoyin injin kansa, a yawancin nau'o'i, a sake ake barin su lokacin ɗagawa da saukewa, domin injin ya ɗan gusa ya daidaita da nauyin da ke kansa. Mutane da yawa suna danne su da nufin yin taka-tsantsan, alhali hakan na iya sa ya karkata. A nan littafin da ya zo da injin shi ne alƙali.

A ɗaga shi kamar santimita 5 kawai, a tsaya. A sake duba kowace ƙugiya bayan nauyi ya hau kanta. In komai daidai ne, a ƙara ɗagawa gwargwadon yadda zai rabu da katifa, kada a wuce haka.

A tura injin ta mariƙinsa, a hankali, ba ta dogon hannun ba, ba kuma ta jan mara lafiyar ba. Wajen saukewa, na biyun ya daidaita ƙugunsa ya shige can cikin kujera. Sai nauyi ya sauka gaba ɗaya sannan a cire kunnuwan.

Ba a barin mutum a rataye a je ɗauko buta ko amsa sallama. Kuma duk mai amfani da inji mai batir ya san inda abin saukewar gaggawa yake tun kafin ranar buƙata.

Injin Turai a ɗakin Kano

An ƙera waɗannan injina ne domin daɓe mai santsi da ƙofofi masu faɗi. Gidajenmu ba duka suke haka ba, kuma wanda bai auna ba yana iya sayen abin da zai zama kayan ajiya.

Tsofaffi da yawa a katifa suke kwana a ƙasa. Ba kowane inji ne hannunsa yake sauka har ƙasa ba. Gadajen da kafintoci suke yi yanzu kuma da yawa a rufe suke har ƙasa, babu inda ƙafafun injin za su shiga. Ana buƙatar gado mai sarari a ƙarƙashi, kamar tsawon tafin hannu ko fiye.

Sai dokin ƙofa. Kusan kowane ɗaki yana da shi saboda ruwan sama, kuma ƙananan tayoyin injin ba sa haye shi da mutum a sama ba tare da haɗarin kifewa ba. Haka ma gangara, da ledar ɗaki da ta yage, da kafet mai kauri, da tsakar gida mai rairayi. Aikin injin daga gado zuwa kujera ne a cikin ɗaki guda. Zuwa banɗaki ko soro ko bakin mota, a keken guragu ake yi.

Ga batun wuta. Inda ake kwana biyu ba a ga lantarki ba, mai batir yana iya tsayawa a tsakiyar aiki. Na hannu ya fi wahalar bugawa, amma ba ruwansa da caji. Shi kuma abin dubawa a jikinsa shi ne yoyon mai, ko hannun ya riƙa sauka da kansa.

Akwai kuma batun sutura, wanda a nan ba ƙaramin abu ba ne. Majanyi yana buɗe cinyoyi. A sa wa mara lafiya wando, a lulluɓa masa mayafi a kan gwiwa, a rage mutane a ɗakin. Dattijon da ya ji an keta masa mutunci sau ɗaya zai ƙi injin har abada.

Kafin a biya kuɗi

Daga waje ake shigo da yawancin waɗannan injina, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk kayan waje sun yi tsada. Wannan ne ke tura mutane wajen na gwanjo. Na gwanjo ba laifi ba ne, amma araha ba ta ado idan majanyin da ya zo da shi ba nasa ba ne, ko tambarin nauyi ya goge, ko akwai tsatsa da tsagewa a wuraren walda.

A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta wa wuraren aiki su sa ƙwararre ya binciki duk abin da ake ɗaga mutum da shi, har da majanyin, duk wata shida. Gida a Tarauni ba ya ƙarƙashin wannan doka, amma ma'auni ne mai kyau: sau biyu a shekara a duba kusoshi da tayoyi da ƙugiyoyi.

Masu walda a Kano suna ƙera gadon asibiti da sandar dogarawa masu kyau. Inji mai ɗaga mutum sama kuwa sai an gwada shi da nauyin da ya fi na mutum, an tabbatar ba ya kifewa. Wanda ba a yi masa wannan gwaji ba, bai kamata a fara gwada shi da uwa ko uba ba.

Idan babu inji

Gidaje mafi yawa ba za su iya saye ba. Duk da haka akwai abin yi.

A ɗauke mara lafiya daga katifar ƙasa a mayar da shi gadon da tsayinsa ya yi daidai da kujerar da zai riƙa komawa. A ajiye kujerar bahaya mai fo a gefen gado, domin tsugunno a masai ya fi ƙarfin wanda ba ya iya tsayuwa.

Kafin ya tashi, ya zauna a bakin gado na minti ɗaya ko biyu, saboda jiri da ke kama wanda ya daɗe a kwance. A ajiye kujerar ta ɓangarensa mai lafiya. A ɗaura masa ɗamara mai faɗi a ƙugu, a riƙe ta nan maimakon hammata. Mai jinya ya ware ƙafafunsa, ya lanƙwasa gwiwa, ya matso kusa, ya juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Kada a bar mara lafiya ya rataya a wuya.

Wanda hannayensa ke da ƙarfi, allo mai santsi da aka ɗora tsakanin gado da keke yana ba shi damar zamewa ba tare da an ɗaga shi ba. Gyara kwanciya a kan gado kuma, mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinsa ta gefe da gefe.

Idan ƙafafunsa suka saki a tsakiyar hanya, kada a yi kokawar tsayar da shi. A bi shi a hankali zuwa ƙasa ana kare kansa. Idan kuma ya faɗi, kada a yi gaggawar ciccibarsa. Ƙafar da ta gajarce ta juya waje alamar karayar ƙugu ce. Wanda ya bugi kai, musamman mai shan maganin tsinka jini, asibiti ya kamata a nufa da shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Wa zai koya wa iyali?

Masu wannan ilimi ba su da nisa. Asibitin Malam, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen gashin ƙashi, kuma a nan ɗaliban Jami'ar Bayero masu karanta fannin suke samun horo. Asibitin Ƙashi na Dala ma, wanda ya faro tun 1959, yana da nasa. Haƙƙin iyali ne kafin sallama su ce a nuna musu yadda za su ɗaga mara lafiyarsu, su gwada a gaban ma'aikaci, kuma wanda zai yi jinyar a gida shi ne zai gwada, ba wanda ya zo biyan kuɗi ba.

A matakin ƙasa, an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a Janairun 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. Matar da ke ɗaga mijinta da asuba a Unguwa Uku za ta ga amfanin waɗannan dokoki ne ranar da suka zama horo da kayan aiki a ɗakinta.

Kafin lokacin, unguwa tana da nata ƙarfin. A Birtaniya aro ake ba iyalai irin waɗannan kaya, a karɓa idan buƙata ta ƙare. Ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai a nan sun saba tara kuɗi su sayi rumfuna da kujeru, ko su gyara taransifoma. Inji ɗaya, da keken guragu biyu, da kujerar bahaya, da matasa biyu da mai gashin ƙashi ya horar, za su iya zagaya gidaje da yawa a shekara. Majanyin kaɗai kowane gida zai sayi nasa, saboda tsafta da kuma bambancin girman jiki.